Kwanon Fata na Yaya Chalong

Yayana Chalong ya mutu ran Litinin, bayan cinikin rana ya lafa. Yana zaune a kujerarsa ta roba a ƙofar shago, rediyo na ta ihun dambe a gefen kunnensa, baki a ɗan buɗe kamar yadda ya saba. Mun ɗauka barci yake yi. Har wani mai saye ya ce masa, "Kawu, janye ƙafa in wuce," bai janye ba. Da likita ya zo ya ce zuciya ce ta tsaya. Na ce a raina, ba dole ta tsaya ba, zuciyar da aka yi shekaru ana hana ta abin da take so?

Ni ce Lamduan, ƙanwarsa. Shayi mai ƙanƙara nake sayarwa a jikin shagonsu, a kasuwar Phlu, kusa da layin dogo. Shagon na shinkafa da kaza ne, khao man kai, 'yan tebura da kujerun roba da akwatin gilashi inda kaji ke rataye ta wuya suna ƙyalli. Sunan Chalong ne a allon ƙofa, amma ko yaron goye ya san mai shago matarsa ce, Kimlang. Ita ke dafa kaza, ita ke riƙe da wuƙa, ita ke haɗa yajin citta da waken suya. Shi aikinsa zuba romo da yanka kokwamba da yi wa masu saye hira, ko suna so ko ba sa so.

Masifar ta faro ne ranar da ya je asibiti aka auna shi, aka ce jininsa ya hau, kitse na neman toshe masa hanyoyin zuciya. Da shi kaɗai ya je da an zauna lafiya. To Kimlang ce ta raka shi, kuma a gabanta likitan ya saki baki. Tun daga ranar abincin Yaya ya koma tsokar ƙirji, da farar shinkafa dafawar ruwa zalla, da kokwamba. Ba cinya, ba fata, ba shinkafar nan da ake dafawa da kitsen kaza da tafarnuwa, wadda ƙamshinta ke tsayar da babur a titi. Uwa uba ba gindin kaza, wannan ɗan dunƙulen maiƙo da jela ke tsirowa, wanda a kansa Yaya zai iya sayar da ni ya haɗa da tukunyar shayina. Ku duba min wannan azaba: mutum ya yini tsaye cikin tururin abin da ya fi so a duniya, yana miƙa wa wasu, yana ce musu a ci lafiya.

Amma Yaya ba wawa ba ne. 'Yan matan ofis masu tsoron ƙiba kan zo su ce, "Inna, ban da fata." Kimlang ta zare fatar da bakin wuƙa ta jefa a wani tsohon kwano mai murfi da ke gefen katakon yanka, kwanon da ya sha faɗuwa har bakinsa ya lotse. Gindin kaza ma can yake shiga in ba mai so. Ta ce na karnukan haikali ne. Kullum da rana, in ciniki ya lafa, sai ta goge hannu ta ce, "Bari in duba shinkafa," ta juya ta nufi tukunya a ƙuryar shago. Ni daga wajen shayina ina kallon komai. Yaya zai ɗaga murfin nan a hankali, ya sa yatsu biyu, ya ɗaga kai sama, ya rufe ido. Kafin ta juyo ya mayar da murfi ya kama yankan kokwamba da fuskar salihai. Ita kuma ta zo ta wurga masa tawul.

"Goge fuskarka, Chalong. Kana ƙyalli kamar kazar da aka rataye."

"Zufa ce, uwargida. Zafin garin nan sai a hankali."

Duk kasuwa ta san wannan sata, daga mai kifi har 'yan acaɓan bakin layi, kuma ba wanda ya taɓa tona masa asiri. Mukan yi wa Kimlang dariya a bayan ido. Matar da ke taɓa wuyan kaza ta faɗi maka watanninta, amma ba ta ganin abin da ke bakin mijinta.

Aka kai Yaya haikalin unguwa, aka sa shi a farin akwati mai zanen ruwan zinariya, aka jingine hotonsa a gaba, aka tsayar da Asabar ranar ƙona gawar, yadda muke yi a addininmu. 'Yan kasuwa suka yi ta turo fankoki, don yanzu an rage aiko da furanni zalla, fanka ake saya a ɗaura mata fure da sunan mai aikowa, in an gama makoki haikali ya amfana. Mutumin da ya ƙi yarda a canza fankar shagonsa mai kuka kamar akuya, ga shi kwance sababbin fankoki sun kewaye shi.

Kafin a ƙone mutum ai ba a barinsa da yunwa. Safe da rana ana ajiye masa tire a gefen akwati, a kunna turaren tsinke guda, a ƙwanƙwasa katakon sau uku, a kira sunansa ya ci. Kuma abin da ya fi so a duniya ake sa masa. Na ga wanda aka ajiye wa kwalbar giya. Na ga tsohuwar da aka ajiye wa sigari da katin caca. Ba mai zancen lafiya a wannan wurin.

Talata da safe ina zaune a sahun gaba Kimlang ta shigo da tire, baƙaƙen kaya a jikinta, gashi a ɗaure tamau. Ta kunna turare, ta ƙwanƙwasa.

"Chalong, abinci."

Na miƙa wuya na leƙa. Tsokar ƙirji fara fat. Farar shinkafa. Kokwamba.

"Yaya Kim," na ce da ita ƙasa-ƙasa, "ina jin an yi musanya. Wannan tiren na wa ne?"

"Nasa ne."

"Ina fatar?"

"Likita ya hana."

"Likita mai rai ya hana wa. Wannan kuma me zai same shi? Sake mutuwa zai yi?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa kazar da aka kawo mata da karyayyen fiffike. "Jeki ki duba ƙanƙararki, Lamduan, tana narkewa."

Abin da ya ƙara ƙona min rai, daga shagon take ciyar da masu zaman makoki. Tukunya guda take kawowa, da kaji a jere. Mutane su zauna a ƙarƙashin hoton Yaya suna yagar cinya, maiƙo na bin haɓarsu, suna cewa kai, marigayi mutumin kirki ne. Shi kuwa yana kwance taku biyu daga wurin da ƙirjinsa mai sanyi.

Sangwan ɗan acaɓa, abokin Yaya tun suna yawo ba wando, ya matso kusa da ni da faranti a hannu, idanu jawur.

"Na kasa haɗiya, Lamduan. Duk lomar da na ɗaga sai in ga hoton nan yana kallona."

"Amma faranti na biyu ke nan a hannunka."

"Baƙin ciki ne. Ni haka yake kama ni, ta ciki."

Wasu suka ce in yi haƙuri, bayan an ƙone shi sai in kai wa malaman haikali cinya da fata sadaka, ladan ya isa gare shi. Na san da wannan. Amma aike ne ta bakin wani, malami ya tauna, Yaya ya samu labari. Ni so nake a ajiye masa a gabansa, a kira sunansa, tun yana nan a tsakaninmu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya goya ni da ina ƙarama, kuma ban ga yadda zan tsaya ina kallo a cusa shi a wuta da kwaɗayi a maƙoshi ba. In Asabar ta wuce shi ke nan.

Ran Laraba na tare Kimlang a ƙofar haikali na kwantar da murya. "Kin gaji, Yaya Kim. Kawo tiren in kai masa, ai ni ma ina da hakki." Ta miƙo min, wasu baƙi suka tsare ta da gaisuwa. Na ratse bayan hasumiyar ƙararrawa, na haƙa rami a tsakiyar shinkafar, na binne fata da gindi guda da na tsamo daga tukunyar baƙi, na rufe na shafe sama sumul. Na kai, na kunna turare, na ƙwanƙwasa, na kai baki jikin akwati.

"Yaya, ni ce. Ka tona ƙasa."

Ban ko miƙe ba na ji ta a bayana. Ba ta taɓa tiren ba, kallo kawai ta yi.

"Tun yaushe farar shinkafa ta fara zufa?"

Na duba. Maiƙo ya ɓullo ta gefe yana sheƙi, munafuki. Ta zaro cokali daga aljihu, don matar nan ko wurin makoki da cokali take zuwa, ta tono kayan tas, ta wurga wa wani jan kare mai kunne ɗaya da ke kwance a inuwa. Karen ya cafe a sama. Ni kuwa ji na yi kamar in cije ta.

Ran Alhamis Sangwan ya ce in bar masa, aikin maza ne. Tun nan ya kamata in ji tsoro. Ya naɗe fata da gindi a ganyen ayaba, ya kwance ragar fankar da ta fi kusa da kan akwati, ya cusa ƙunshin a ciki, furanni suka rufe shi ruf. Shirin shi ne in Kimlang ta fita raka baƙi sai ya ƙwanƙwasa ya gaya wa Yaya inda abin yake.

Abin da bai lissafa ba shi ne Kawu Thawin, tsohon da ke kula da gawawwaki a haikalin, wanda kunnensa ya yi nauyi amma idonsa na kan manyan baƙi. A ranar ne matar shugaban gunduma ta zo gaisuwa, ta zauna a kujerar gaba cikin baƙin siliki tana fifita da jaka. Malamai huɗu suka hau dandamali, kowa ya kare fuska da maficinsa, suka fara karatu. Mu duka muka haɗa tafin hannu. Kawu Thawin ya ga babbar mace na zufa, ya ga fanka sabuwa fil a kusa, ya lallaɓa ya jona ta.

Fankar ta yi gurnani, ta yi tari, sai ta saki. Ganyen ayaba ya tarwatse. Fata ta tashi sama kamar an watsa wa kaji tsaba. Gindin kazar ya yi tsalle ya sauka ɗaram a cinyar matar shugaban gunduma, wani ɓallin fata kuma ya je ya manne a maficin malami na biyu. Malamin bai fasa karatu ba, sai dai maficin ya yi ta rawa a hannunsa har aka idar. Jan karen nan ya shigo tsakiyar sahu yana ta aikin lada.

Kimlang ta tashi ba gaggawa, ta tsince abin daga cinyar baƙuwa da yatsu biyu, ta ba ta haƙuri, ta goge mata siliki. Sannan ta juya ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a kan Sangwan, wanda ya runtse ido yana addu'a fiye da malaman.

"Sangwan."

"Na'am, matar Yaya."

"Daga yau in ka zo shagona, ƙirji."

Na rantse mutumin nan bai yi kuka ranar da abokinsa ya mutu kamar yadda ya yi a lokacin ba.

Da dabara ta ƙi, sai na koma addini. Da yamma na sami babban malamin haikali a barandarsa yana shan ruwan zafi, tsoho ne tukuf, shi ya ɗaura mana zaren albarka muna yara. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba Malam, tambaya na kawo. Hawan jini yana bin mutum in ya mutu?"

"Abin da mutum ya aikata ke binsa, 'yata. Jini a nan ake barinsa."

"Yauwa. To ka kira Kimlang ka gaya mata haka."

Ya kurɓi ruwansa. "Na tsufa ina koya wa mutane kada su ji tsoron mutuwa. Ban taɓa ce wa kowa kada ya ji tsoron Kimlang ba."

"Haba Baba Malam!"

"Ita ke sa min abinci a kwano kowace safiya in mun fita karɓar sadaka. Mu ba mu da zaɓi, abin da aka ba mu muke ci. Shi ya sa ba ma tsokanar mai bayarwa. Na ji abin da ya sami Sangwan." Ya ajiye kofi. "Kin damu da abin da ke tiren mamaci. Kin ga abin da ita take ci tun ran Litinin?"

Ban gani ba, kuma ban zo don wannan ba. Na yi masa sallama na tashi ina ƙunƙuni.

Makami ɗaya ya rage min, wanda duk kasuwa ta riƙe shekara da shekaru ba a zare ba. Juma'a da sassafe na same ta a shago. Ƙofar ƙarfe a buɗe rabi, tana tsamo kaji daga tafasasshen romo tana tsoma su a ruwan ƙanƙara don fata ta ɗaure. Ita kaɗai. Kujerar roba tana nan a ƙofa inda ya bar ta, ba wanda ya matsar. Sai a lokacin na lura zanin da ta ɗaura ya zagaye ta ya yi saura.

"Yaya Kim, yau zan faɗa miki abin da ba ki sani ba, in kin ga dama ki sare ni da wuƙar. Wahalar banza kike yi. Mijinki bai taɓa kwana bai ci fata ba. Kullum kika juya duba shinkafa yana cikin kwanon can. Ni na gani, mai kifi ya gani, Sangwan har gadi yake yi masa. Duk kasuwa ta sani, ke kaɗai ce a duhu. To tunda ya ci yana raye, mene ne na hana shi yana kwance?"

Ta rataye kaza a ƙugiya. Ta tsamo wata.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Ɗauko kwanon."

Na ɗauko.

"Buɗe. Rufe. Kin ji ƙara?"

Ban ji ba. Na juya murfin, sai ga siririyar roba an bi bakinsa da ita an manne, ta tsufa har ta yi baƙi.

"Wa kike jin ya sa wannan? Chalong? Mutumin da bai iya ɗaura wa tsintsiya igiya ba? Farkon da ya fara, murfin nan ƙara yake yi har mai kifi na ji. Kunya ta ishe ni." Ta girgiza kazar ruwa ya tsiyaye. "Shinkafar da na dafa tun asuba, me zan duba a cikinta kullum da rana? Tsiro za ta yi?"

Na mayar da murfin na ajiye kwanon, ita kuma ta ci gaba.

"In na ba shi da hannuna, gobe cinya zai nema, jibi faranti guda, wata mai zuwa mu kai shi haikali. In sata yake yi, kaɗan zai ɗauka, yana jin daɗi yana jin tsoro. Ni nake auna abin da ke saman kwanon. Sauran a ƙasan tebur nake ɓoyewa. Ku kuma kuna can kuna min dariya, ina jin ku, ke muryarki ta fi ta kowa."

Ta ajiye kazar a katako, ta dafa shi da hannu biyu, ba ta dube ni ba.

"Ran Litinin ma na juya. Tun safe na ga yana satar kallon kwanon, sai na sa masa gindi babba, na daɗe a wajen tukunya fiye da kullum. Na fito na wurga masa tawul. Ya goge baki, ya yi min murmushi, ya je ya zauna a kujerar can." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Ni na kashe shi, Lamduan. Da bayana na kashe shi. Kuma kina so in ɗauki abin da hannuna in kai masa har akwati?"

Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi, kuma ni in tausayi ya kama ni faɗa nake yi, haka aka halicce ni.

"Kai, Yaya Kim, kin cika son mulki! Shago naki, wuƙa taki, miji naki, yanzu mutuwar ma ke kika yi ta? Ki bar wa wani wani abu mana! Ubanmu ganye da busasshen kifi ya ci duk rayuwarsa, kaza sai ranar biki, ya faɗi a gona bai kai shekarun Yaya ba. Ƙanensa ma haka. Zuciyar gidanmu ce ba ta da ƙarko, ni ma tawa ina jin ta tana ƙara kamar tsohuwar fankarku. Ke kika ja mutumin nan ya wuce su duka da wannan ƙirjin naki mai kama da audugar katifa. Kuma kin san abin da ya sa ya iya haɗiye shi duk shekarun nan? Kwanon nan. Kullum yana tashi da safe yana da abin jira."

Romo na ta tafasa. Na koma wajena na haɗa shayi na kawo na dangwarar mata a kan katako. Ta kurɓa sau ɗaya.

"Ya cika sukari."

"Haka ake sonsa."

"Fita min daga shago, kin tsaya a hanya."

Na fita. Da rana na je haikali da ɗan sa rai, na leƙa tire. Ƙirji, farar shinkafa, kokwamba. Na koma bayan hasumiyar ƙararrawa na zauna na yi kukan da ban yi ba tun ran Litinin, jan karen nan na zaune a gabana yana jiran ko da wani abu.

Asabar haikali ya cika. 'Yan kasuwa sun rufe rumfuna, 'yan acaɓa sun jera babura har bakin titi, 'yan matan ofis ma sun zo, waɗanda da fatarsu Yaya ya rayu ba su sani ba. Malamai suka hau dandamali, babban malamin da kansa a tsakiya. Kawu Thawin ya kawo masu ɗaukar akwati suka tsaya a gefe, hayaƙi ya riga ya fara fita ta dogon bututun ɗakin ƙonawa. Saura abincin ƙarshe.

Kimlang ta shigo da tire a hannu, kwandon kasuwa a rataye a kafaɗa. Ban ko leƙa ba, daga nesa na hango farin. Sangwan ya sunkuyar da kai. Ta ajiye, ta kunna turare, ta ƙwanƙwasa sau uku.

"Chalong, abinci. Ka cinye kokwambar, ban son saura."

Sai ta sa hannu a kwando ta fito da kwanon nan mai lotsattsen baki. Ba a kan tire ta ajiye shi ba. Can gefe ta tura shi, bayan hoton, daidai inda hannun dama zai kai. Murfin bai rufu ba saboda cika, ina hango fata har baki, da gindi ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Wannan na karnukan haikali ne," ta ce da akwatin, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Kada ka kuskura ka taɓa."

Ta goge hannu a zani.

"Bari in duba shinkafa."

Ta juya baya. Ba tukunya a wurin, bango ne kawai da fankoki a jere. Ta tsaya tana fuskantar bangon, kafaɗunta a miƙe.

Sangwan ne ya fara miƙewa, ya juya ya fuskanci ƙofa kamar yadda yake yi in yana gadi. Mai kifi ya bi shi. Na tashi ni ma na juya, hawaye na shiga min baki. Sai kujeru suka yi ta ƙara, sahu bayan sahu, 'yan kasuwa da 'yan acaɓa da 'yan matan ofis da ba su san dalili ba amma suka ga ana yi. Da wutsiyar ido na ga babban malami ya ɗaga maficinsa ya kare fuska, alhali ba karatu ake yi ba, sauran suka bi shi. Kawu Thawin ya damƙe jan karen ta wuya yana kallon rufi.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta ba shi lokaci isasshe, har turaren ya ci rabi.

Da na ji motsinta na waiwaya. Ta zo gaban hoton ta tsaya tana kallonsa, shi kuma yana yi mata wannan murmushin na salihai. Ta zaro tawul ɗin shago daga kwando, ta naɗe shi a yatsa, ta goge gilashin a hankali daidai wajen baki, gefe da gefe.

"Dubi yadda kake ƙyalli," ta ce. "Ɓarawo kawai."

Ta ninke tawul ɗin ta ɗora a kan akwati, ta juya wajen Kawu Thawin, ta ɗaga murya don ya ji.

"Ku ɗauke shi, Kawu. Ya ƙoshi."